Kanun Saƙo: Takardar da Sabar Ke Fara Karantawa

Gabatarwa

Mazauna Panshekara sun saba ganin manyan motoci maƙare da fatu suna nufar masana'antun jima na Challawa. Mota ba ta shiga sai mai gadi ya karɓi takardar kaya, ya ga inda ta fito da sashen da za a sauke kayan. Haka abin yake a intanet. Duk lokacin da ɗalibi ya nemi wani shafi, burauzarsa kan aika saƙo zuwa ga kwamfutar da ke ajiye da shafin, wato sabar. A saman saƙon akwai wasu layuka na bayani, su ne kanun saƙo.

Asalinsu

Ƙa'idar HTTP ta farko, wadda Tim Berners-Lee ya fitar a 1991, layi ɗaya tak take aikawa, babu kanu. A tsarin 1996 aka tabbatar da kanu a rubuce, sannan a 1997 aka wajabta guda ɗaya daga cikinsu, wato Host.

Manyan kanu huɗu

Kowane kai suna ne da bayani, ɗigo biyu a tsakaninsu.

1. Host: sunan shafin da ake nema. Sabar ɗaya tana iya ɗaukar shafukan kamfanoni da dama, na Sharada da na Bompai, kuma da wannan layi take bambance su.
2. User-Agent: irin burauza da na'urar mai nema.
3. Cookie: shaidar da sabar ta ba baƙo a zuwansa na baya.
4. Accept-Language: harshen da mai karatu ya fi so. Lambar Hausa ita ce ha. Ha-NG ta Nijeriya, ha-NE ta Nijar.

Yadda ake karanta su

A harshen PHP, kanun suna cikin ma'ajiyar $_SERVER. Ana mayar da sunan manyan baƙaƙe, a sauya karan tsakiya da na ƙasa, a sa HTTP_ a gaba. Ke nan Accept-Language ya zama HTTP_ACCEPT_LANGUAGE. Idan mai tsara shafi ya ga ha a farkon bayanin, sai ya aika da shafin Hausa. Ta haka leburan da ba ya jin Turanci zai karanta sanarwar albashinsa ba tare da tafinta ba.

Hattara

Ya kamata ɗalibai su lura cewa baƙo na iya rubuta kanu da hannunsa, kuma yana iya yin ƙarya. A 2014, ɓarakar da ake kira Shellshock ta ba maɓarnata damar cusa umarni cikin User-Agent, wasu sabar suka aiwatar da shi. Irin haka ta sake faruwa a Disambar 2021 da manhajar Log4j. Ba a cinikin biri a sama: a tace kowane bayani kafin a yi aiki da shi, kuma kada a buɗe wa kowa asiri don kawai abin da ya faɗa game da kansa.

Aikin gida

1. Buɗe shafi a kwamfutar makaranta, danna F12, shiga sashen Network, ka kwafo kanu uku.
2. Yaya User-Agent zai koma a cikin $_SERVER?
3. Me ya kamata sabar ta yi idan babu Accept-Language sam?