Shawara Ga Mai Niyyar Rushe Danga Ko Katangar Iyaka

A ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir, inda jama'a suka yi yawa har gona ta manne wa gona, galibi babu wata hujjar iyaka sai layin aguwa ko bini-da-zugu ko gamba da iyaye suka dasa. Saboda haka duk wanda ya yi nufin tuge tsohuwar dangar garkarsa domin ya tayar da katangar bulo, ya kamata ya sani cewa shaida yake shirin kawarwa, kuma hadisi ingantacce ya tsananta gargaɗi a kan mai sauya alamomin ƙasa.

Kafin a taɓa kome, a kira maƙwabci da mai unguwa da dattawa biyu adilai, a kafa turaku, a ja igiya, sannan a haƙa harsashi a cikin haƙƙinka, indararo kuma ya zuba a wajenka. Idan katangar ta tarayya ce, ba a rushe ta sai da yardar maƙwabcin, ko da kai kaɗai za ka ɗauki kuɗin aikin.

Wanda ya ga an ci masa iyaka, kada kunya ta hana shi magana, domin a mazhabar Malikiyya, wanda ba ɗan'uwa ba idan ya riƙe wuri shekara 10 mai shi yana gani bai yi inkari ba, wannan riƙon, wato hauzi, na iya raunana da'awar mai wurin. Wajen kai kuka, a fara da dagaci, sannan hakimi. Alƙali sai sulhu ya faskara.