Yadda Mai Aikatau Za Ta Riƙe Albashinta a Waya

Masu cewa sai mai aikatau ta sayi babbar waya kafin ta amfana ba su san aikin ba. Ƙaramar waya mai tocila ta wadatar: a layin MTN, *671# ke buɗe asusun MoMo; a na Airtel, *939# ke buɗe SmartCash. Babu ruwansu da data.

Layin ne ke kayar da mutane. Sau da yawa matar da ta baro ƙauye zuwa Kano ko Abuja tana amfani da layin da miji ko ɗan Hajiyar da take wa aiki ya yi wa rajista, wani lokacin ma dillaliyar da ta kawo ta. To, tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020, layi na mai NIN ne, ko a hannun wa yake. Ranar da aka zare wayar a adaidaita sahu, kamfani ba zai dawo da layin ba sai da sa hannun mai sunan, kuɗin kuma na can a maƙale. Idan sun ɓata da shi fa? Don haka ta roƙi hutun yini guda, ta yi NIN ɗinta, ta sayi layi da sunanta, sannan ta buɗe asusu. Asusun matakin farko yana riƙe har naira 300,000.

Lambar sirri kuwa ko mai POS ba a faɗa wa, balle wanda ya bugo yana cewa daga banki yake.

Sai ta sami uwar ɗakinta: "Hajiya, don Allah a riƙa turo mini haƙƙina ta nan." Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta shafi inda ma'aikata ba su kai 25 ba, ga shi aikatau babu takarda. Saƙon shigar kuɗi ne shaidarta. Ta duba asusun da kanta, kada ta yarda da hoton rasit.

Idan kuma tana son ƙarin kuɗi, yana wajen wanki da guga a maƙwabta. Saƙon murya ɗaya da Hajiya za ta jefa a zauren WhatsApp na matan unguwa ya fi yawon ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin mai aikatau ta fito, a gama ciniki ta waya: kaya kala nawa ne, wa zai kawo sabulu, wa zai biya kuɗin mota.