Yadda Dokokin Wasan Kwamfuta Ke Saƙa Labari

A littafi, marubuci ne ke yanke wa taurarinsa hukunci. A wasan kwamfuta kuwa, akan miƙa wannan nauyi ga mai wasa. Kyakkyawan misali shi ne Papers, Please, wanda Lucas Pope, Ba'amurke mazaunin Japan, ya tsara shi kaɗai, ya fitar a 2013.

Mai wasa jami'in shige da fice ne a iyakar wata ƙagaggiyar ƙasa, Arstotzka, a 1982. Albashinsa gwargwadon yawan matafiyan da ya tantance ne, da shi yake biyan haya ya ciyar da iyali. Wata rana wani magidanci ya wuce da cikakkun takardu, ya roƙi a tausaya wa matarsa. Sai ga ta, takardunta ba su cika ba. In jami'in ya bar ta ta shiga, ya jawo wa kansa gargaɗi ko tara. In ya kore ta, ya raba miji da mata.

Abin lura ga ɗalibi shi ne, dokar albashi da ta takardu ne suka haifar da wannan tsaka-mai-wuya, ba dogon jawabi ba. Irin waɗannan zaɓe-zaɓe ke kai mai wasa ga ɗaya daga cikin hanyoyi 20 da labarin ke ƙarewa.