Ki Shiga Aji, 'Yata

'Yata, tunda Allah ya sa kin samu gurbi a jami'a, akwai dokar da za ki tarar tana jiranki. A yawancin jami'o'inmu, ɗalibin da bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccocin darasi ba ana iya hana shi zama jarrabawa. Za ki ji manyan ɗalibai suna gunaguni, wai su ba 'yan firamare ba ne da za a riƙa kiran suna. Wasunsu suna da gaskiya. Wani aiki yake yi yana ciyar da gida, wata goyo gare ta, wani kuɗin motar ma sai ya yi da gaske. Irin waɗannan ya kamata hukuma ta saurari uzurinsu kafin ta ɗauko lissafi.

Ke kuwa ba ki da wannan uzurin. Ki shiga aji, da doka ko babu.

Kakanninki a zaure suka yi karatu. Ahalari ko Iziyya na hannun almajiri, ya iya haɗa baƙi sarai, amma sai ya zo ya durƙusa gaban malam ya ja baƙin, malam ya fassara, ya gyara masa wasali, wani na gefe ya yi tambayar da shi bai taɓa tunaninta ba. A nan fahimta take zama. Takardun laccar da ake ɗauka hoto ana turawa ta WhatsApp za su iya fitar da ke jarrabawa, amma ba su ɗauke da misalin da malam ya kawo sa'ad da ya ga fuskokinku sun nuna ba ku gane ba. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya rufe azuzuwa wata takwas. Ki tambayi yayyenki yadda karatu ya kasance musu a gida, ga littattafan a gabansu.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar sa hannu. Za ta taso daga layin gaba tana zagayawa, sai saƙon wata ƙawarki ya shigo wayarki: don Allah ki sa min hannu, ina hanya. Ki ba ta haƙuri, kada ki sa. Shaidar zur ce, ko da kowa ya maishe ta ruwan sha. Idan ƙawar nan aikin jinya take karantawa, wata rana jijiyar ɗan wani za ta nema da allura, kuma ranar da aka koyar ba ta nan. Taimakon da za ki yi mata shi ne ki ara mata littafinki, ki zauna da ita da yamma ki maimaita mata darasin.

Malaman da ke tilasta zuwa su ma akwai hakki a kansu: su zo a kan lokaci, su koyar, kada su tsaya karanto takarda kawai. Wannan kuma tsakaninsu da Allah. Naki shi ne sammako, domin a babban ɗakin lacca na baya ba ya jin komai idan lasifika ta lalace. Ki nemi layin gaba, kuma abin da ya shige miki duhu ki tambaya tun malam bai fita ba.