Koci Ya Tafi da Yaransa: Me Ya Rage wa Kulob?

Tambaya

 Ni ne sakataren wani kulob na ƙwallon ƙafa a Gada Biyu, cikin garin Jos. Muna buga gasar NLO, burinmu mu haura NNL, gasar da ke sama da ita. Damuwarmu ita ce, duk kocin da muka ɗauka sai ya zo da yaransa, ya ce waɗanda ya tarar ba su iya ba. In sakamako ya ƙi, mu sallame shi, yaran su bi shi, mu koma neman wasu. Kuɗin sa hannu ya cinye mu, ga bashin albashi. Yanzu kan kwamiti ya rabu: wasu sun ce a kawo koci mai suna, wasu sun ce a fara ɗibar 'yan wasa kafin a rufe rajista. Da wanne za mu fara?

Amsa

Malam Sakatare, Allah ya saka da wannan hidima da kuke yi wa yaran unguwa. Amsata a taƙaice: kada ku fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Akwai aikin da ya riga su, kuma rashin yin sa ne ya jefa ku cikin wannan zagayen.

Inda cutar take

Kulob ɗinku ba shi da abin da yake riƙe da shi na kansa. Salon wasa na koci ne, 'yan wasa na koci ne, lambobin dillalai suna cikin wayar koci. Ranar da ya ɗauki jakarsa, duk abin da kuka kashe wa kuɗi ya bi shi, ku kuma a bar ku da riguna da takardun bashi. Sabon da zai zo ya san cewa wasa uku ko huɗu kawai za ku ba shi kafin ku fara ƙorafi, don haka ba zai tsaya gyaran yaron da bai sani ba. Zai kira waɗanda ya saba da su. Ba mugunta ba ce, kare kansa yake yi. Gajen haƙurin kwamiti shi ke haifar da kocin da ke yawo da yaransa, kocin nan kuma shi ke ƙara wa kwamiti bashi.

Ku da ke Jos ba ku bukatar a je da ku nesa neman darasi. Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972. Plateau United ta ci kofin ƙalubale a 1999, sannan a 2017 Kennedy Boboye ya kai ta ga lashe Firimiyar Najeriya karo na farko, aka rufe kakar da doke Rangers da ci 2 da nema a filin Rwang Pam. Boboye ya bar Jos a 2018, ya je ya sake cin gasar da Akwa United a 2021. Fidelis Ilechukwu ya kai Plateau United matsayi na biyu a 2022, ya koma Rangers, ya ɗaga kofin a 2024. Kowace rabuwa da dalilinta, amma abin lura shi ne basirar koci ba ta ƙarewa don kaka ɗaya ta yi tsami. Remo Stars ta Ikenne ta riƙe Daniel Ogunmodede bayan ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, sai a 2025 ya kawo mata kofin farko a tarihinta.

Aikin da ya riga komai

Kafin a kira ko mutum ɗaya, kwamiti ya zauna ya rubuta abu uku a takarda guda.

Na farko, kuɗin da kuke da tabbacin samu a kakar nan. Alkawarin ɗan siyasa ba ya cikin lissafi, haka ma kuɗin ɗan wasan da ba a sayar ba tukuna. Daga abin da ya tabbata ku cire rajista, mota da mai, masauki, abinci, magani da kuɗin fili. Abin da ya saura shi ne na albashi. Ko a Turai, hukumar UEFA ta ɗaure manyan kulob kada abin da suke kashewa kan 'yan wasa da koci ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarsu. Ku da tafiyar mota ke cin kaso mai yawa, naku ya kamata ya yi ƙasa da haka.

Na biyu, irin ƙwallon da kuke so a san ku da ita. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, kuma yaran da suka tashi a nan sun saba da iskar. Idan kun zaɓi wasan gudu da matsa wa abokin karawa, ku rubuta. Wannan zaɓin shi zai faɗa muku irin kocin da za ku nema da irin yaran da za ku ɗauka.

Na uku, burin shekara biyu, ba na wata biyu ba. Misali: bana a tsaya da ƙafa a saman rukuni tare da fito da yara huɗu daga ƙaramin kulob, baɗi a nemi haurawa.

Ku naɗa mutum ɗaya mai kula da wannan takarda, wanda ba ya tafiya in koci ya tafi. Manyan kulob suna kiran sa daraktan wasanni. A wurinku tsohon ɗan wasa mai amana, wanda ya san filayen Jos da Bukuru, ya isa.

Yadda za a zaɓi koci

Koci ke zuwa kafin sababbin 'yan wasa, domin wanda zai yi aiki da su dole ya sa baki. Amma suna kaɗai kada ya ruɗe ku. Kocin da ya saba da albashin Firimiya da otal mai kyau zai wahala a NLO, ku ma ku wahala da shi.

Ku tara mutum uku zuwa biyar. Ku ga takardar shaidarsu ta CAF ko ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas da idonku, ku tabbatar da ita a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Sannan ku ba kowannensu yaranku na yanzu ya yi musu atisaye sau biyu kuna kallo. Gani ya kori ji. Ku lura ko yana tsayar da wasa ya gyara kuskure, ko ihu kawai yake yi. Bayan nan ku tambaye shi: a cikin yaran nan su wa za ka riƙe, kuma don me? Wanda ya ce duk a zubar kafin ya san sunayensu, ya riga ya gaya muku abin da zai biyo baya.

Ku kira wuraren da ya yi aiki, amma kada ku tsaya ga shugaban kulob. Ku tambayi tsohon kyaftin da mai kula da kaya. Su ne suka san ko yana karɓar na goro kafin ya sa yaro a wasa, ko yana yanka wani abu daga kuɗin sa hannu.

Kada kuma ku raina na gida. Marigayi Isma'ila Mabo a Mighty Jets ya yi wasa, shi ne kuma ya kai Super Falcons zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta mata ta 1999.

In kun zaɓa, ku rubuta kwantaragin shekara biyu. A ciki a bayyana albashi da ranar biya, alawus na cin wasa, mataimaka nawa zai kawo (ɗaya ya isa, sauran na kulob ne), lokacin da za a zauna duba aiki, da abin da za a biya shi in an rabu kafin wa'adi. Lokacin dubawar ya zama tsakiyar kaka da ƙarshenta. Wa'adin nan na "ci wasa uku ko ka tafi" ba ya gyara komai, sai dai ya sa koci ya ajiye yara masu tasowa a benci, ya koma neman maki ta kowace hanya.

Ɗibar 'yan wasa

Ku fara da na hannu. Koci da daraktan wasanni su bi yaran ɗaya bayan ɗaya, gurbi bayan gurbi: masu tsaron gida uku, kowane gurbi na fili mutum biyu, sai 'yan ƙari kaɗan. Mutum 25 zuwa 28 sun wadatar. Tara arba'in ba ƙarfi ba ne, baki ne da za a ciyar da rigimar benci. Gurbin da ya zama fanko shi kaɗai za a fita nema.

Ƙa'idar da za ta raba ku da matsalarku ita ce: ba a ɗaukar ɗan wasa sai da sa hannun mutum uku, koci, daraktan wasanni da ma'aji. Koci yana da ikon cewa ba ya so, amma ba shi da ikon kawowa shi kaɗai. Shugaban kulob ma haka, ko da ɗan ƙanensa ne. Ku ƙayyade cewa waɗanda koci zai kawo daga tsohon wurinsa kada su wuce uku ko huɗu, kuma da kulob za su ƙulla yarjejeniya, ba da shi ba. Ku bambanta wa'adin kwantaragin, na wasu shekara ɗaya, na wasu biyu, na matasa uku, don kada duka su ƙare rana ɗaya.

Tantancewar gayya, inda ake tara ɗaruruwan yara a fili kwana biyu, ba ta nuna ɗan ƙwallo. Mai son kai da ƙwallo shi ke haskawa, mai tsare gurbinsa ba a ganin sa. Gara ku aika mutum ya kalli yaro a wasan gaske sau uku, har da na waje inda 'yan kallo ba nasa ba ne, sannan a gayyato shi sansani na mako biyu. Kuma kada ku karɓi ko sisi daga yaro don a gwada shi.

Kafin sa hannu a duba abu uku. Takardar sallama daga tsohon kulob, domin ɗan wasa mai rajista biyu yana iya jawo a ƙwace muku maki. Shekaru, ta hanyar lambar NIN da takardun makaranta. Sai lafiya, musamman zuciya. Rasuwar Chineme Martins na Nasarawa United, wanda ya faɗi ana tsakiyar wasa a Lafiya a watan Maris na 2020, ta isa ta sa kowane kulob ya ɗauki gwajin asibiti da muhimmanci. Ran ɗan mutane ya fi kowane kofi.

Game da kuɗin sa hannu, shawarata ku rage shi ƙwarai, ku mayar da shi cikin albashin wata-wata da za ku iya biya a kan kari. A ƙa'idar FIFA, ɗan wasan da ya bi kulob albashin wata biyu yana iya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya tafi abinsa. Ƙaramin albashi da ke zuwa ranar da aka faɗa ya fi riƙe yaro a kan babban alkawari.

Arzikin da ke ƙofarku

Garin da ya haifi Mikel Obi, Ahmed Musa da Moses Simon bai kamata ya dogara da yaran da koci ya ɗauko a jaka ba. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan. Irinsa suna nan a Kabong, Tudun Wada, Anguwan Rogo da Nasarawa Gwong. Ku kafa ƙaramin kulob na 'yan ƙasa da 17, ku yi wa kowane yaro rajista da yardar iyayensa a rubuce, ku ajiye takardun. FIFA ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa domin kulob ɗin da suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23, amma wanda ke da shaidar rajista ne kaɗai ke samu.

Ko a wasan zari-ruga na Ostareliya, inda doka ta ƙayyade jimillar albashin kowane kulob, haka abin yake. Penrith Panthers ta ci gasar NRL sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, da koci ɗaya, Ivan Cleary. Kusan kowace shekara sai wasu taurarinta sun tafi inda za a biya su fiye, ita kuma ta cike gurbinsu daga yaran da ta raina.

Akwai wata riba da ta fi kuɗi. Jos ta sha wahalar rabuwar unguwanni, kuma fili yana cikin wurare kaɗan da yaro Musulmi da yaro Kirista ke sa riga ɗaya. Ku buɗe ƙofa ga kowace unguwa, ƙafa ta zama ma'auni.

In sallama ta zama dole

Wani lokaci rabuwa ita ce daidai: in an kama koci da cin amana, ko 'yan wasa sun daina jin maganarsa, ko an kai lokacin dubawa babu alamar ci gaba. Amma kafin ku yanke, ku tambayi kanku ko kun biya albashi, ko yaran sun isa wasan waje da wuri sun huta. In ba ku cika naku ba, sabon koci zai gaji matsalar ne kawai. In kuwa kun rabu, ku biya shi haƙƙinsa, mataimakin da yake na kulob ya riƙe, a nemi wanda zai ci gaba da salon da ke cikin takardarku.

Malam Sakatare, ga abin da za ka kai wa kwamiti a zama na gaba: mako na farko a rubuta takardar kuɗi, salo da buri, a naɗa daraktan wasanni. Mako na biyu da na uku a gwada masu neman aikin koci a zaɓi ɗaya. Daga nan a cike gurbin da ya rage kawai. In lokacin rajista ya ƙure, ku shiga da yaran da kuke da su, ku ƙara kaɗan a tsakiyar kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba ku sa'a, ya haɗa kan kwamitinku.