Koya Wa Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Tafiya

Ciwon nan da ke shanye ɓarin jikin mutum farat ɗaya daga ƙwaƙwalwa ya ke tasowa. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a can, galibi saboda hawan jini. In ɓarnar ta auku a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, sai hannu da ƙafa na dama su mutu. Watau ƙafar ba ta karye ba, saƙo ne ya daina isa gare ta.

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa a kan kwantar da irin wannan majinyaci a ɗaka wata da watanni, ana jiran ƙarfi ya komo da kansa. Wannan babban kuskure ne, gama ƙwaƙwalwa ta fi saurin sāke koyon aiki cikin wata 3 na fari, kwanciya kuwa sai ta sandarar da gaɓoɓi ta kawo gyambo. Ranar da ciwon ya faɗo a garzaya babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Masana aikin motsa gaɓoɓi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma hanya da nisa, saboda haka yawancin aikin a tsakar gida za a yi shi.

Da likita ya ba da izini, a fara da zama. A zaunar da shi bakin gado, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, har ya iya zama ba jingina. Sa'an nan tashi: ya ja ƙafafu baya, ya sunkuyo gaba, ya miƙe, ya koma a hankali, ya maimaita safe da yamma. In ya tsaya, ya riƙa karkata nauyinsa bisa ƙafar da ta shanye. Nan ne masu jinya su kan ji tausayi su bari, alhali ƙafar da ba ta ɗauki nauyi ba ba za ta koyi taku ba.

Don koyon takun, a kafa itace biyu a kwance bisa shika-shikai, daidai ƙugunsa, ya bi tsakani yana dafawa. Mai taimako ya tsaya ta gefen da ya shanye, ya riƙe shi a ƙugu. Kada a kuskura a ja shi ta shanyayyen hannu, kafaɗa ta kan goce. Sanda kuwa a hannu mai lafiya a ke riƙe ta. Wajen hawa dokin ƙofa ƙafa mai lafiya ke gaba, wajen sauka mai ciwo.

A ba shi takalmi mai maɗauri, silifas su kan tuɓe su kā da shi. A kawar da turmi da igiyar awaki daga hanyarsa, a kuma nisanta shi da garwashi, don ɓarin da ya mutu ya kan ƙone bai ji ba. In jiri ya ɗebe shi ko ƙirji ya yi zafi, a zaunar da shi a nemi ma'aikacin lafiya. Maganin hawan jini kuma kada a yanke shi don an ga sauƙi, ciwon ya kan sāke dawowa.