Darasi: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙwaro Daga Kusa

Kulob ɗinmu ya samu sabuwar kyamara a wannan zangon, kuma abin da muka fara koyo da ita shi ne ɗaukar hoton ƙwari daga kusa-kusa, wanda masu hoto ke kira makro. A jikin kyamarar akwai alamar ɗan fure. Idan aka danna wurin, za ta iya ganin ƙaramin abu ko da ya kusa taɓa gilashinta.

Sai dai akwai matsala. Iya matsowarka, iya ƙanƙancewar wurin da zai fito tar a hoton. Sai ka ga kan fara ya fito fes, amma fukafukanta da ƙafafunta na baya sun yi dishi-dishi. Don haka dole a zaɓi wuri guda, mu kuma ido muke zaɓa. Idan ido ya fito, hoto ya yi. Wata dabarar ita ce a tsaya ta gefen ƙwaron, ba ta gabansa ba, don kansa da ƙirjinsa da cikinsa su zama nisa ɗaya da kyamara. A haka ma ake iya ƙirga ƙafafunsa shida, kamar yadda ake tambaya a jarrabawar kimiyya.

Idon kansa abin kallo ne. Idan aka buɗa hoton, za a ga ƙananan idanu ne dubbai a jere, kowanne da kusurwa shida kamar saƙar zuma. Wani mazarin yana da kusan 30,000 a ido ɗaya! Ko ƙuda, da duk ƙazantarsa, yana da kyan ido.

Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, kafin asambuli. Yawancin ƙwari rana ce ke ɗumama musu jiki, shi ya sa a sanyin safiya suke lafewa a kan ganye. Da rana ta take kuwa, ko inuwarka ce ta faɗa kan malam-buɗe-littafi, ya tashi ke nan.

Hannu kuma kada ya yi rawa. A manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a riƙe numfashi, sannan a danna a hankali. Idan filasha ta yi ƙarfi, a kāre ta da farar takarda don hasken ya yi laushi.

Ba ma kama ƙwaro don hoto. Garin da ke fiffiken malam-buɗe-littafi ƙananan ɓawo ne, da an taɓa sai ya goge. Rina da ƙudan zuma kuwa, a ba su tazara.

Kyamarar guda ɗaya ce gare mu duka, ga kuma ƙurar hunturu. Kada kowa ya goge gilashinta da gefen yunifom, zai karce. Akwai ƙyallenta a cikin jaka. Mai son gwadawa ya same mu a lambun makaranta ranar Laraba da ƙarfe 7:15 na safe.